Yakuwar Gindin Indararo

Kwanan baya ɗana ya ɗauke ni a mota za mu je gaisuwar rasuwa, muka ratsa ta wajen Hindawiyya, a nan cikin Makka. Can sai ya rage gudu, ya nuna min wani wuri da baki, ya ce, "Ummi, kin gane nan kuwa?" Na leƙa ta taga. Titi ne shimfiɗaɗɗe baƙi wuluk, da fitilu a jere, da motocin mutane an ajiye su sahu-sahu. Dutsen da aka haife ni a kansa an sare shi tas, ba gida, ba lungu, ba ko matakala ɗaya da za a ce ƙafar mutum ta taɓa takawa. Na ce masa, "Ja motarka mu tafi, mutane na jiranmu." Ya ɗauka ban gane ba. Na gane sarai. Da ya tsaya, da na fita na nuna masa daidai inda indararon gidanmu yake zubar da ruwa, ƙarƙashin wata farar mota da wani bawan Allah ya kafe a wurin bai san a kan me ya tsaya ba. Tun ranar zuciyata take komawa can, ko carbi nake ja sai in ga na tsaya a tsakiya.

Unguwarmu a jikin dutse take manne, gida bisa gida, rufin wannan shi ne dandamalin ƙofar wancan. Mota ba ta hawa, komai a ka ko a kafaɗa yake zuwa, daga buhun shinkafa har gawa. In gari ya waye ba ka buƙatar agogo. Da farko za ka ji tarin tsofaffi suna saukowa daga masallaci, sai hucin risho ana hura shi a gidaje, sai ƙarar garwa biyu suna karo da bango, mai ruwa ne ya ɗebo daga bazan, wato famfon unguwa da ke can ƙasa, yana hawowa yana nishi. Daga nan turmi ya ɗauka, awaki su amsa, tantabaru kuma su sauko kan rufi suna guɗa-guɗarsu. Hausa kuwa kowace iri kake so akwai ta a lungun nan, ta Kano, ta Sakkwato, ta Damagaram, duk an cakuɗa da Larabcin kasuwa har ba ka sanin inda wannan ya tsaya wancan ya ɗauka. Yau ina zaune a shugga, wato sashe a cikin dogon bene, a unguwar Rusaifa, hawa na sama, ruwa na zuwa har banɗaki, na gode wa Allah, ba zan yi butulci ba. Amma in na farka abin da nake ji shi ne gurnanin na'urar sanyi, kuma matar da ke ƙofar da ke kallon tawa sai a lif muke gaisawa.

Da yake ruwa a kafaɗar mutum yake hawowa, ba a zubar da shi a gidanmu. Ruwan wankin shinkafa da na ɗaurayar ganye duk akwai bokitin da ake tara su. Iya, kakata ta wajen uba, ko alwala za ta yi sai an tara mata tasa, in ta gama ta ce, "Ke 'yar Makka, hau da shi sama, su ma su samu ladan." 'Yar Makka take kirana don tsokana, wai ni ban san damina ba, ban taɓa ganin gero a tsaye ba, duk abin da na sani shi ne burodi da wake. 'Yar guntuwar mace ce, baƙa, mai kaifin baki, in ta yi maka faɗa sai ka yi dariya tukuna, sai ka koma gefe zafin ya iso ka. Saman da take nufi shi ne rufin gidanmu, inda lambunta yake.

Lambun nan ba wani abin a zo a gani ba ne, akwatunan katako ne jere a jikin katanga. Babana dako yake yi, in lokacin Hajji ya zo ya tafi Mina aikin tantuna, in alhazai sun watse ya dawo da tsofaffin akwatunan da aka yar. Ƙasar kuma daga kwari ya riƙa hawo da ita a buhu, aka gauraya da kashin awaki da toka. A nan Iya take shuka lalo da alayyahu da kuɓewa da ɗan tattasai, duk irin da alhazai suke taho mata da shi. Waɗannan ko sun mutu ba ta damuwa, baɗi wani zai kawo. Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi, wata farar yakuwa mai siririn ganye, tsaminta ba ya kama haƙori, miyarta kuma ba ta yin baƙi. Uwarta ce ta ƙulla mata gurguzun, wato ƙwayar irin, a bakin zane ranar da za su baro garinsu da kakana, a ƙafa, da niyyar su sauke farali su koma. Tafiyar ta ɗauke su shekaru. Duk inda damina ta riske su sai su tsaya su yi ƙwadago, Iya ta samu gefen gonar wani ta zuba irinta, ta jira ya nuna ta sake ƙullewa. Haka ta yi ta sabunta shi har suka haye teku. Kakana ya rasu a nan, komawa ba ta yiwu ba, garin nasu ma daga baya ta ji an ce fari ya watse shi. Takan ce, "Ba ni da hoton uwata, ba ni da kabarinta. Wannan nake da shi."

Wanda bai zauna a Makka ba zai yi mamaki in na ce a lokacin sanyi muke noma. Ai da zafi rufin nan ko ƙafarka ba ka iya ɗorawa, balle ganye. Sai zafi ya karye, shita, wato hunturu, ta kawo jiki, sannan ake zuba iri. To amma shitar ma da nata halin. Akwai wata iska da ke sauko mana daga duwatsu da asuba, busasshiya mai yanka, in ta bi ta kan ɗanyen tsiro sai ka tarar ya kwanta. Ga kuma tantabaru. Tantabarar Harami ba a jifanta, ba a ɗana mata tarko, ko firgita ta ba a so a yi, kuma wallahi sun san da haka, don a gabanka za su sauko su tsince maka iri suna kallonka. In na ɗaga hannu Iya ta daka min tsawa, "Sauke! Su ne 'yan gida, mu ne baƙi." Dabarar da Baba ya yi ita ce ya samo tsofaffin tagogin gilashi daga gidajen da ake rushewa, ya sassaƙe bakin akwatunan ya zama baya ya fi gaba tudu, ya kifa tagogin a kai. Iska ba ta shiga, tantabara sai dai ta yi ta yawo a kan gilashi tana leƙen abin da ta rasa, ɗumin rana kuma ya kwana a ciki.

Sai dai gilashi bawa ne mai son a tsaya a kansa. In hantsi ya ɗaga ba a buɗe ba, abin da ke ciki dahuwa zai yi, ko a tsakiyar sanyi ne. Don haka kullum da safe sai an hau an ɗaga kowace taga an tokare ta da wani ɗan sanda mai tsaga-tsaga, in rana da sauƙi a sa a tsagar ƙasa, in ta yi zafi a matsar sama, a rufe gibin da tsohon gidan sauro. Da la'asar sakaliya kuma a sauke. Har yau ina jin ƙarar nan a kunnena, ƙiii ta tsohon ƙarfen taga, sai ƙwas, sanda ya zauna. Iya ba ta cewa a buɗe akwati, cewa take, "A ɗaga mata ta sha iska," kamar mai maganar jaririya. Lokacin da na zama budurwa gwiwoyinta sun daina hawa matakala, sai lambun ya dawo hannuna gaba ɗaya. Ita tana ƙasa tana mulki da baki, ni ina sama ina aikin. In na sauko sai ta kama hannuna ta sansana, ta ce, "Kin taɓa ta, na ji."

Akwai dokar da ba ta taɓa karyawa ba: ba a shuka iri duka. Rabi a ƙasa, rabi a gwangwani, gwangwanin kuma a wata 'yar alkuki da ke ɗakinta na ƙasa, inda ya fi ko'ina sanyi. Da wannan dabarar ta rayu da shi duk shekarun nan.

Shekarar da nake son in ba da labari, yakuwar ta fito da kyau, ta kai tsawon yatsa, sai aka yi ruwa. Mutanen Makka sun san ruwan shita, yakan yi shekara bai zo ba, ranar da ya zo kuma sai ya rama. Bayan azahar ne gari ya yi duhu, iska ta taso, sai ƙanƙara kamar ana watso tsakuwa. Muna ɗaki muna jin gilasai suna fashewa a sama ɗaya bayan ɗaya, ba mai iya leƙawa. Kafin mu ankara ruwan da ya taru a kan dutse ya gangaro ta lungu, ya banko ƙofa ya shigo ɗakunan ƙasa har gwiwa. Baba ya ɗauki Iya ya hau da ita, mu kuma muka yi ta kwarfa da tasa da bokiti har washegari. Hankalin kowa na kan katifu da buhun abinci. Da na samu kaina na hau rufi, na tarar ƙasar akwatunan ta bi indararo, ɗan abin da ya rage a tsaye kuma tantabaru sun yi walima da shi. Suna nan zaune a bakin katako, cikinsu fal, ko motsi ba su yi ba da suka gan ni. Ranar na so in yi jifa, Allah ya sani, na dai riƙe hannuna.

Na ce ai da sauƙi, akwai na gwangwani. Muka je alkuki, babu gwangwani. Sai bayan kwanaki aka tsince shi a ƙarƙashin gado cikin laka, murfin ya buɗe, gurguzun ya kumbura ya yi funfuna, kana taɓawa yana narkewa. Na kai wa Iya a tafin hannuna ina kuka. Ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. To, yau uwata ta rasu." Sai ta juya ta fuskanci bango. Matar da ba a raba ta da faɗa, sai ga shi an yi kwanaki ba ta tsokani kowa ba. Gidan ya yi mana faɗi.

Ana nan, wata safiya na fita zubar da shara, sai idona ya sauka a gindin bangonmu ta waje, daidai inda indararo yake zubowa. Akwai wata tsaga tsakanin bango da dutse, laka ta taru a ciki. A cikin lakar ga wani ɗan tsiro da 'yan ganyayyakinsa. Na durƙusa na duba, na ga kara fari, ba ja ba. Na ɗan murza gefen ganye na kai harshe. Wayyo Allah, ita ce! Ashe cikin ƙasar da ruwa ya kwaso daga sama akwai ƙwayar da ba ta riga ta fito ba, ta gangaro ta maƙale a nan. Na shiga gida da gudu har ina tuntuɓe, na ce, "Iya, tana nan! Ta fito a gindin indararo!" Na ɗauko cokali zan je in haƙo ta in mayar sama.

Ta ce, "Ina za ki da cokali?"

Na ce, "Zan dasa ta a akwati mana, kafin awaki su gan ta."

Ta tashi zaune, karo na farko cikin kwanaki. Ta ce, "Wa ya shuka ta a wurin? Ke ce?" Na ce a'a. "Ni ce?" Na ce a'a. Ta ce, "To abin da ya fito da kansa a ƙasar Harami ne za ki sa wa cokali? Ajiye."

Nan fa muka yi ta ja. Ni ina ganin wannan ganganci ne, lungu ne da yara ke guje-guje, ga awakin Gwaggo maƙwabciyarmu da ko takarda ba su bari. Baba da ya dawo ya goyi bayana, har ya je ya tambayi malamin da ke karantarwa a zauren unguwa. Malam ya ce abin da aka hana cirewa shi ne ciyawa da itacen da ke fitowa don kansu, amma abin da mutane suka saba shukawa kamar ganyen miya, ko ya fito da kansa babu laifi a cire shi. Baba ya dawo da murna ya faɗa mata. Iya ta ce, "Malam ya yi gaskiya, Allah ya ƙara masa sani, ban ce haramun ba ne. Amma ni ba zan iya ba. Mun ɗora ta a sama, mun rufe ta da gilashi, mun ɓoye 'yan'uwanta a gwangwani, duk dabararmu ta ƙare a rana ɗaya. Wadda ta tsira ita ce wadda ba mu taɓa ba. Kuma saiwarta ta shiga dutse, in kuka ja za ta tsinke." Sai ta kalle ni da ɗan murmushin nan nata da na yi kewa, ta ce, "Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, 'yar Makka. Tunda ta sauko, ku sauko mata da ɗakinta."

Haka kuwa aka yi. Baba ya tattara katakon da ya rage, ya samo taga ɗaya da ba ta fashe ba, ya gina akwati a jikin bango a cikin lungu, ya karkatar da bakin indararon gefe. Lungun da ma ƙunci gare shi, sai ga akwati ya ci kusan rabinsa. Ranar farko mai ruwa ya buga garwarsa a jiki ya yi ta mita, wai mutanen gidan nan sun gina wa ciyawa ɗaki shi ko inuwa ba shi da ita. Matan unguwa suna wucewa suna dariya, wata ta ce saura a sa mata fanka. Ni kunya ta ishe ni, budurwa da ni kullum ina tsugune a bakin hanya ina ɗaga taga ina saukewa. Amma mutanenmu akwai su da wani hali, abin da suka yi wa dariya yau shi za su tsare gobe. Ba a daɗe ba mai ruwan nan ya fara tsiyaye ɗan abin da ya rage a gindin garwarsa a bakin akwatin in zai sauka. Yara suka mayar da wasansu gaba. Tsofaffi masu dawowa daga masallaci sukan tsaya su leƙa ta gilashi, su ce, "Ma sha Allah, ta ƙara ganye," sannan su ɗaga murya don Iya ta ji daga ɗaki. Wani tsoho Basakkwace ya taɓa tsayawa ya daɗe, ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun yana yaro, ya share ido da bakin rawani ya wuce.

Gwaggo ta yi alkawarin ɗaure awakinta duk lokacin da taga take ɗage, kuma ta cika, sai dai akuya ba ta san alkawari ba. Wata rana wata ja mai ƙaho ɗaya ta cinye igiyarta, ta zo ta tura kai ta ƙarƙashin gidan sauron, ta datse kan yakuwar da yawancin ganyen. Ihun yara ne ya fito da ni. Abin da ya rage ɗan kara ne da ganye ƙalilan a ƙasa. Na zauna a kan matakala na ɗora hannu a ka. Cikin raina ina cewa da an bar ni na kai ta sama da haka ba ta faru ba, har na shiga na faɗa wa Iya haka, da zafi. Gwaggo ta biyo ni ba ko mayafi, tana rantsuwa yau sai an yanka 'yar banzar akuyar nan. Iya ta tambaya, "Ta tumɓuke ta?" Na ce a'a. "Akwai ido a jikin karan?" Na ce akwai. Ta ce, "To ku ƙyale baiwar Allah, aski ta yi mata. Da ma ana datse kan yakuwa don ta yi rassa, ni ce ban da ƙarfin zuciyar sa ki." Ban yarda da ita ba a lokacin. Na dai ci gaba da ɗagawa da saukewa, ina yi ina fushi.

A daidai wannan tsakanin ne jikin Iya ya tsananta. Tun daren ruwan nan tari ya kama ta, aka kai ta asibiti aka dawo, magani ya ƙi karɓa. Abinci ya fita ranta. A dama kunu ta kurɓa ta ture, a yi farfesu ta kau da kai. Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa sai ta ce, kamar mai magana da kanta, "Da zan samu ɗan faten tsaki da yakuwa, mai ruwa-ruwa, da na sha." Aka nemo jar yakuwa busasshiya wajen masu sayar da kayan miya, aka yi, ta ɗanɗana ta ce an gode, ta ajiye cokali. Na san abin da bakinta yake nema, yana nan a bayan bangon da take jingine da shi. Na ce, "Iya, bari in tsinko miki ganye kaɗan, ko a bakin cokali ne." Ta ce, "Nawa ne a jikinta?" Na ce ba su da yawa. Ta ce, "In kika tsinka, kin ciyar da tsohuwa yini ɗaya. Bar ta ta yi 'ya'ya." Na ce ni ban damu da 'ya'yanta ba, ke na damu da ke. Ta kama kunnena ta ɗan murɗa, hannun ba ƙarfi, ta ce, "Ji mara wayo. Ni ai na riga na ci rabona, tun a gidan uwata nake ci. Naki ne a wurin nan." Na fita na tsaya a gaban akwatin nan hannuna a kan taga, na daɗe. Ban taɓa jin abu ya yi min wuya kamar barin ganyen nan ba.

Maganarta ta tabbata. Daga kowane ido reshe ya fito, yakuwar ta bazu har ta cika akwatin, Baba ya ƙara katako, daga baya ma ya tsayar da tagar a tsaye ta zama kamar ƙofa. Lokacin da ganye ya wadata har za a iya tsinka ba a yi mata illa ba, na yi faten na kai, amma maƙogwaron Iya ya riga ya daina karɓar komai sai ruwa. Ta dai sa na kusanto da kwanon ta shaƙi tururin, ta lumshe ido ta ce, "Ita ce." Ranar da furen farko ya buɗe, fari mai ɗan ruwan ɗorawa, Baba ya goya ta ya fito da ita lungu da hantsi. Maƙwabta suka fito suka kewaye mu. Ta miƙa yatsa ta taɓa furen, ta ce masa, "Sannu da hanya. Ni ma nan na sauka, ban zaɓa ba, kuma ban yi nadama ba." Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Kada ki tsinke ƙwanson yana ɗanye don ɗoki. Ki bari ya bushe ya buɗe da kansa. Rabi a ƙasa, rabi a ajiye, kuma wannan karon ki ba maƙwabta su ma su ajiye."

Ba ta ga bushewarsa ba. Ta rasu sanyi na ƙarewa, aka sauko da ita ta lungun nan, masu ɗauke da makara suka raɓa ta gefen akwatin a hankali kada su buge shi. Da zafi ya fara shigowa ƙwanson ya yi ruwan ƙasa, na shimfiɗa ɗankwalinta a gindin, na riƙa zuwa ina tarar da gurguzu ya zubo a kai. Na raba shi kamar yadda ta ce, har Gwaggo mai awaki na ba ta nata. Da shita ta zagayo na shuka a sama, miyar farko kuma na yi ta a babbar tukunya aka raba gida-gida sadaka ga Iya. Kowa ya ci ya yaba. Ni dai loma ɗaya na kai, na ture kwanon.

Yau lungun babu, maƙwabtan da na ba ajiya sun watse, wasu Jidda, wasu ƙasa ta rufe su. Ni kaɗai na rage da irin nan, a baranda, cikin akwatunan farin soso da ake zubo kifi a ciki, da gilashin wani tsohon tebur a kai. Tantabaru har nan suna biyo ni. 'Ya'yana sun ce in huta, wai ga ganye nan iri-iri a kanti an wanke an ɗaure. Jikokina kuwa Larabci ya cinye bakinsu, in na yi musu Hausa su amsa min da Larabci. Akwai babbarsu da take jami'a, mai tsokana ce kamar Iya da ba ta taɓa gani ba, takan leƙo baranda ta ce, "Sitti, wannan ai karkade ne, me ya sa kike wahala?" Karkade suke ce wa zoɓo da Larabci. Ina jin haka sai in ce a raina to daga kaina ya ƙare ke nan, duk tafiyar da irin nan ya yi a baranda zai tsaya.

Cikin shitar nan bayana ya riƙe, na wayi gari ko juyi ba na iyawa. Ina kwance ina kallon haske yana hawa labule, na san hantsi ya ɗaga, na san gilashi a rufe yake, tsiron kuma bai wuce yatsa ba. Abin da na ajiye a kwalba ya kwana biyu, ban tabbata zai fito ba. Na yi kira, muryata ba ta wuce ƙofa ba, na'urar sanyi ta shanye ta. Na runtse ido ina cewa Iya ki yafe min, iyakar ƙoƙarina ke nan. Sai na ji ƙarar gilashi yana gogar bakin akwati, sai ƙwas.

Jikar nan tawa ta leƙo ɗakin da jakar makaranta a kafaɗa, hannunta da ɗan danshin ƙasa. Da Hausarta mai tsami ta ce, "Sitti, na ɗaga mata ta sha iska."

Na ce, "Wa ya koya miki?"

Ta ce, "Kullum ina jin ki kina faɗa mata. Na sa a tsagar ƙasa, daidai ne?"

Na ce ta matsar sama, yau ranar da zafi. Ta je ta matsar ta dawo. Na kama hannunta na sansana, na ji ta taɓa ta. Na ce, "Ba karkade ba ce, yakuwa sunanta. In kin dawo daga makaranta ki zo ki zauna nan, in gaya miki daga inda ta taso, don tafiyar da nisa."